Hannun Audu Wanzam

Jikana Umar ne ya sa na ware wannan babi daban. Ranar da ya dawo daga makaranta yana washe baki wai sun ci muhawara, na zaunar da shi na ce, to angona, a kan me aka yi gardamar? Ya ce a kan gidan yari ne, ko wurin azaba ne ko wurin gyaran hali, shi kuma yana cikin masu cewa gyara ne. Sai ya ƙara da cewa abin da ya kayar da abokan karawarsa shi ne misalin baffansa Sabi'u, wanda ya shiga gidan yari yana ɗan ƙwaya, ya fito da sana'ar wanzanci a hannu. Wai har malamai sai da suka tafa masa. Ni kuwa lomar da ke hannuna sai da na mayar da ita kwano. Ashe haka labarin ya koma a bakin 'yan baya? To ku saurara, ku jikokina duka. Sabi'u autana ne, ni na yi zaryar gidan yarin nan da ƙafata, kuma ba a can ya koyi riƙon aska ba. Wanda ya koya masa yana kwance a maƙabartar Wagini, kuma ina raye ba za a ɗauki ladan mutum a ba katanga ba.

Audu Wanzam shi ne wanzamin gidanmu tun kafin a kawo ni amarya. A lokacin kowane gida da wanzaminsa, ba a sauya shi yadda kuke sauya shagon aski yanzu don wani ya fi wani kiɗa. Shi ya yi wa 'ya'yana duka askin suna, shi ya yi wa mazan kaciya, shi ke yi wa marigayi kakanku Malam ƙaho idan bayansa ya riƙe. Da kaka a kai masa damin gero, ranar suna a cire masa rabonsa a jikin rago. Gajere ne baƙi mai ɗan tsinin gemu, bakinsa kuma ya fi askarsa kaifi. Ban taɓa jin ya yabi kowa ba. In ya dubi aikinka ya ce ba laifi, to ranar sai ka yi sadaka.

Bayan rasuwar Malam, Sabi'u ya bar gona ya kama acaɓa tsakanin Wagini da Batsari. A tasha ya haɗu da ƙwaya. Da farko wai don kada ya ji gajiya, daga baya ita ta koma tuƙa shi. Idanunsa suka rine, akuyoyina suka fara ɓata ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi masa magana kuma ya sha zagi. Babu rubutun da ban ba shi ya sha ba. Yayansa, ɗana na fari da ba na kama sunansa, wanda mutane ke kira Malam Ƙarami, wato ubanka kai Umar, ya yi nasiha har ya gaji ya koma duka, dukan ma ya gaji. Ranar wata kasuwar Batsari faɗa ya kaure tsakanin Sabi'u da wani ɗan acaɓa, kusa da inuwar da Audu ke shimfiɗa tabarmarsa. Sabi'u ya fizgi adda daga gaban mai rake. Audu ya tashi rabo, ya sa hannu, addar ta sauka a wuyan hannunsa na dama. A asibiti an ceci hannun, amma jijiyoyin sun tafi. Yatsun suka lanƙwashe suka tsaya a haka, ko cokali ba sa riƙewa balle aska.

Dattawa suka shiga maganar don a kashe ta a gida. Liman ya je, mai unguwa ya je, Audu ya ƙi. Daga ƙarshe na yafa mayafina na je da kaina, na durƙusa a tsakar gidansa gaban matarsa, ni da furfurata. Ya dube ni, hannun na rataye a wuyansa da ƙyalle, ya ce:

"Inna Hajo, tashi, ba ki yi mani komi ba. Amma ɗanki sai ya tahi. In na bar shi yau, gobe wuyan wani za ya sara, kuma ni da ke za a tambaya."

Alƙali ya yanke masa shekaru. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ban amsa gaisuwar Audu da daɗin rai ba.

Gidan yarin yana birni. Duk sanda na samu hali nakan dama gari da ƙuli-ƙuli da yaji, in hau bas daga Batsari, in je in zauna a layi da sauran uwaye irina, kowa na kauce wa idon 'yar'uwarta. Zan faɗi abin da na gani da adalci. A watannin farko ƙwayar ta fita daga jikinsa, fitar da mu muka kasa yi mata da addu'a da bulala. Idonsa ya washe, ya fara sallah, ya fara tambayata lafiyar ƙafata. Wannan kam na gode wa Allah, na gode wa ƙofar da aka kulle. Amma ana tafiya sai na ga wani abin ya maye gurbinta. Da an ɗaga murya kusa da shi sai ya tsuguna ya sunkuyar da kai. Ba ya fara magana sai an tambaye shi. Sunayen da ke bakinsa kuma duk sababbi ne, na waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya, kuma yawancinsu ba satar akuya ta kai su ba. Na taɓa tambayar wani gandiroba mai kirki ko ana koya musu wani aiki. Ya ce akwai kekunan ɗinki, amma masu jira sun fi kekunan yawa nesa ba kusa ba. Sabi'u bai taɓa zama a kan ko ɗaya ba.

Ya fito ana gab da shuka. Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe ranar ta fara. Alƙali ya ce ya gama biya, amma Wagini ba ta ji wannan hukuncin ba. In aka kira gayya ba a aiko masa, don ba mai son ya sunkuya kusa da shi yana riƙe da fartanya. A masallaci sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. In ya biyo lungu mata su kira 'ya'yansu ciki. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, kawai kowa ya matsa. Mu ma na gida ba mu fi su ba, don gatan da muka yi masa shi ne mu ce ya huta, muka kuma kwashe wuƙaƙe da lauje muka kai ɗakin yayansa. Duk yana gani. Sai ya wuni zaune a gindin rumbu yana kallon kaji.

Waɗanda suka fara zuwa gaishe shi da fara'a wasu mutum biyu ne a kan babur, daga wajen Ruma. Sun zauna tare a can. Suka kawo masa tsire da sabuwar waya, suka rungume shi, suna kiransa da wani suna da ban san shi da shi ba. A lokacin mutanen daji ba su kai yadda suka kai yanzu ba, amma an fara kore shanu, an fara tare hanya, kuma kowa ya san inda samari ke ɓacewa. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na san abin da ke kawo baƙo da tsire gidan wanda ba shi da ko anini. Bayan zuwansu na biyu na shiga share ɗakinsa, na tarar ya wanke kayansa ya ɗaure su cikin buhu ya tura ƙarƙashin gado. Na zauna a bakin gadon nan. Na san in ya bi su, ko gawarsa ba lalle in gani ba.

Ana cikin haka, wata safiya ina tankaɗe, na ji sallamar da na daɗe ban ji a gidan ba. Audu ne, zabirarsa rataye a kafaɗar hagu, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba mai kallon wani. Ya ce a kira masa Sabi'u. Yaron na fitowa ya gan shi, sai ya zube ya tsuguna.

"Tashi, ni ba gandiroba ba ne," in ji Audu.

Sabi'u ya ce, "Baba, ka yafe mani."

"Ba yafiya ta kawo ni ba. Gwamnati ta karɓi nata ta ƙoshi. Ni mi na samu? Ka yi zamanka can ana ba ka tuwo, ni ina nan gidajena na watsewa, ɗiyana duk mata, ba mai ɗaukar zabira. Hannuna ka ɗauka, hannuna na zo biɗa. Daga gobe kai ne shi."

Ya sauke zabirar ya ajiye a gabansa. Na ce, "Wanzam, aska fa ce a ciki." Ya ce, "Inna Hajo, da can mi kika ɗauka ni ka aski da shi, ludayi?"

Ba a ba shi aska ranar ba, kuma ba a ba shi a watan ba. Da ɗaukar zabira ya fara, yana bin Audu a baya ƙauye ƙauye, kan kowa na juyawa. Sai wasa aska a dutse da fata, har Audu ya gwada ta a gashin hannunsa ya ce a sake. Sai aka kai ga ɗanyen duma. Audu zai shafa masa sabulu ya ce a aske, in aka ƙwarzane fatar duman ko kaɗan, ranƙwashi ya biyo baya da hannun hagu, wanda duk ƙarfin na daman ya koma cikinsa. Dumana da na shuka a bayan ɗaki don ƙwarya duk a wannan makaranta suka ƙare. Da yamma in ji shi yana dawowa yana gunaguni, wai tsohon nan ya fi gandirobobi mugunta. Gunagunin nan ya yi mini daɗi ƙwarai, don rabona da in ji ya yi ƙorafin wani abu tun kafin a tafi da shi.

Kada ku ɗauka abin bai ci Audu ba. Wanzanci gado ne, ba a ɗauko bare a sa masa aska a hannu, balle baren da ya zubar da jinin wanzami. Sarkin Aska ya kira shi ya yi masa faɗa. 'Yan'uwansa, waɗanda ke riƙe masa gidajensa tun da ya nakasa, suka yi fushi suka ce to su da shi kowa ya kama gabansa. Gidaje da dama da ya gada tun daga ubansa suka aiko cewa kada ya zo musu da wannan yaron. A kakar shekarar, geron da ya shiga rumbunsa bai kai rabin na da ba. Matarsa ta daina gaishe ni a gidan biki, ban kuma ga laifinta ba.

Ranar da ya fara aske kan mutum ina wurin, don a lokacin ina kai daddawa kasuwar Batsari, kuma rumfarmu na kallon inuwar Audu. Wajen hantsi, kasuwa ta cika, sai na ga Audu ya zauna a tsakiyar tabarma, a daidai wurin da aka sare shi. Ya tuɓe hula, ya jiƙa kansa da hannun hagu, ya miƙa wa Sabi'u aska. Kafin ka ce me, mutane sun yi da'ira. Mai raken nan har da kwashe addarsa ya tura ƙarƙashin buhu. Sabi'u ya aske kan tas. Da aka zo gyaran gemu, Audu ya ɗaga haɓa ya miƙa maƙogwaro, ya rufe ido. Daga inda nake ina hango askar tana rawa.

"Baba, ba ni iyawa."

Audu bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Ran da ka sare ni hannunka bai yi rawa ba. Yau da za ka gyara ni shi ka rawa? Yi aikinka, rana na yi."

Ya yi. Da ya gama, Audu ya shafa wuyansa, ya duba tafin hannu, ya ce ba laifi. Ni dai ban san sanda na zubar da tiren daddawa ba. Amma kada ku zaci garin ya juyo a ranar. Mutane sun kalla sun watse. Wani tsohon Bafulatani ne kaɗai, wanda bai san labarin ba, ya zauna aka yi masa. Makonni suka wuce ana samun ɗaya, biyu, yawanci baƙi. Masu babur ba su daina zuwa ba, buhun nan kuma yana nan a ɗaure ƙarƙashin gado, ina duba shi kullum in na shiga shara.

A cikin wannan hali aka haife ka, Umar. Uwarka 'yar Safana ce, sai ubanka ya ce zai aika can a zo da wanzamin gidansu. Na ce masa gidan nan da wanzaminsa. Ya ce wanzamin gidan nan ba shi da hannu. Na ce yana da shi. Ubanka mutum ne mai tsayawa a kan magana, kuma ba mugu ba ne. Ya zauna a gabana ya ce:

"Inna, ya yi laifi an hukunta shi, na yarda ya biya. Ni na yafe mashi har zuciyata. Amma kan jariri ba duma ba ne. In abin nan ya motsa mashi aska na kan maɗiga, mi za ni ce ma uwar yaron?"

Tsoron da ke ransa yana nawa ran. Na san yaron da na haifa, na kuma san ranar da ya ɗauki adda. Abin da na sani kawai shi ne Sabi'u ya ji an aika Safana, kuma tun ranar bai ci abincin kirki ba.

Ranar suna, bayan an raɗa maka suna an watse daga ƙofar gida, na fito da kai tsakar gida na zauna a tabarma, don kaka ce ke riƙe jariri a yi masa aski. Wanzamin Safana ya iso, yana zaure yana shan kunu. Sai ga Audu ya shigo yadda ya saba shigowa shekara da shekaru, ba wanda ya gayyace shi, Sabi'u na biye da zabira. Ubanka ya taso ya tare su a bakin rumbu. Audu ya ɗaga lanƙwasasshen hannun nan har saitin fuskarsa.

"Malam, wanga hannu shi ya aske ka, a wanga tsakar gida, bisa cinyar wagga tsohuwa. Ya mutu. Ga inda ya koma." Ya nuna Sabi'u da haɓa. "Ni da ya sara na ba shi wuyana. In ka ce a'a, ɗanka ne, mu juya ba faɗa. Amma in gidan ubanshi ya ƙi shi, kada wani ya zo ya tambaye ni gidan da ya karɓe shi."

Ubanka ya dubi ƙanensa, ƙanen na kallon ƙasa. Ya dube ni, na kawar da kai, don ba ni da ƙarfin da zan ara masa. Sai ya juya ya nufi madafa, wurin da ban taɓa ganin ya taka ba tun da ya girma. Muka ɗauka fushi ya yi. Can sai ga shi ya fito da ƙwaryar ruwan ɗumi a hannu biyu, ya durƙusa ya ajiye ta a gaban Sabi'u, ya ce, "Bisimilla."

Sabi'u ya wanke hannu, ya tsuguna, amma ba irin tsugunon da ya dawo da shi daga birni ba. Audu ya tsaya a bayansa, ya ɗora mataccen hannun a kafaɗarsa. Ina riƙe da kanka ina jin maɗigarka na bugawa a ƙarƙashin yatsana, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Askar ta bi ta gefen kunne, ta hau, ta zagaya wurin mai taushi a hankali kamar mai taka sabuwar shuka. Ka yi ɗan kuka da ruwa ya taɓa ka, daga nan ka koma barcinka. Da aka gama na tattara gashin, uwarka da ke leƙe ta labule ta fashe da kuka, wata gwaggonka ta rangaɗa guɗa. Wanzamin Safana aka ba shi goronsa da haƙuri, ya kuma karɓa da mutunci. Rabon wanzami na rago, Audu ya ce a miƙa wa Sabi'u, shi ya yi aiki.

Washegari na shiga shara na tarar da buhun a yashe ba komai ciki, kayan suna rataye a ƙusa. Da masu babur suka dawo, a ƙofar gida ya tsaya da su, ya mayar musu da wayarsu, ya ce yana da askin suna a unguwar gabas, kada ya makara. Da gaske ne kuwa, don gidan da suka ga abin da aka yi a namu sun aiko. Ba su sake zuwa ba. Labarin da muka ji nasu daga baya ba na sa shi a littafin da yara za su karanta.

To ga amsata ga muhawararku, in ana karɓar amsar tsohuwa. Gidan yari ya riƙe hannun ɗana a lokacin da ya kamata a riƙe shi, ban musa ba. Amma da ya sake shi, bai gaya masa abin da zai yi da hannun ba, bai kuma gaya wa gari ya matso ba. Wannan aikin mutum ɗaya ne ya yi shi, kuma shi ne ya fi kowa hujjar ƙin yi. Audu bai taɓa nadamar kai shi kotu ba. Shekaru bayan haka, yana ciwon ajali, na je duba shi na tarar Sabi'u na yi masa aski a kwance. Na ce, "Wanzam, har yau ban ji ka ce ka yafe ba." Ya harare ni ya ce, "Ko yau ya sake, sai na sake kai shi. Ke dai matsa, kina tare mashi haske." Zabirar da kuke gani a kafaɗar baffanku, mai ɗinki a maratayi, ita ce ta Audu, shi ya ce a ba shi.

Saboda haka, angona, in an sake kiran ku muhawara, ka faɗi sunan wanda ya yi aikin. In kuma suka nemi hujja, ka tuɓe hularka a gabansu ka ce su shafa. Ni na riƙe kan nan ranar, na kuma duba shi da kyau kafin in mayar wa uwarka. Ko ƙwarzane babu.